Wanda Ke Fara Shimfiɗa Tabarma

Mutuwa a Gombe ba ta jiran goron gayyata. Da an ce wane ya rasu a Jekadafari ko Bolari ko Pantami, kafin a gama ɗora ruwan wanka samari sun saɓa diga da shebur sun nufi maƙabarta, wani ya tafi yanko likkafani, wani ya ɗauko makara daga masallaci. Ana dawowa daga kai shi, rumfa ta tsaya a ƙofar gida, tabarmi da butoci sun fito daga maƙwabta, kwanukan abinci suna ta shiga ciki. Mai zuwa gaisuwa ya san abin da zai ce, mai karɓa ya san abin da zai amsa. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." A shafa, a ɗan zauna, wani ya tambaya ko marigayin ya yi jinya, a ba shi labarin asibiti daga farko har ƙarshe. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan, amma haka yake tafiya daidai wa daida, ko gidan Fulani ne, ko na Tera, ko na Bolawa, ko na Tangale. A gidan Kirista ma haka ne, addu'ar ce kawai ta bambanta.

Mutuwa guda ce take tsayar da wannan tsari cak, ita ce ta wanda ya kashe kansa. Ranar sai ka ga maƙwabta sun yi cirko-cirko daga nesa, kowa na jiran wani ya fara. Raɗa na yawo: za a yi masa salla kuwa? A ina za a binne shi? Ya ma halatta a ce Allah ya jiƙansa? Tambayar nan ta jinya, wadda a kowace mutuwa take buɗe wa mutanen gida bakin magana, a nan ita suka fi tsoro. Wasu iyalan sukan ce "gajeruwar rashin lafiya" su rufe, su yi ta gadin maganar shekara da shekaru, har a junansu. Waɗanda abin ya riga ya fallasa kuwa sai su wayi gari da rashi biyu: mamaci ya tafi, jama'a sun janye jiki.

Akwai mutanen da suka iya wannan rana, ba su dai da yawa. Wani lokaci mai unguwa ne, wani lokaci limamin masallacin layi, ko shugaban 'yan agajin Izala ko Fityanu ko Jama'atu, ko malamar Islamiyyar matan aure, ko fasto, ko shugabar zumuntar mata. A wasu ƙasashe an kafa ƙungiyoyi sukutum don wannan aiki kaɗai, da ofis da ma'aikata da horo. In ka jera abin da waɗancan ƙungiyoyi suka koya cikin shekara hamsin da abin da dattijon unguwa mai basira yake yi bai taɓa jin labarinsu ba, za ka ga duk hanya ɗaya suka bi. Aikin shugaba a nan shi ne ya tayar da ta'aziyyar da ta tsaya, sannan ya hana ta mutuwa bayan baƙi sun watse. A ganina babu shugabanci mai wuyar wannan a harkar taimako. Mai raba shinkafa a take ake yi masa godiya. Mai wannan aiki sau da yawa zarginsa ake yi da sassauta zunubi.

Shi ya sa makaminsa na farko sanin hukunci ne, da faɗarsa da wuri. Babu malamin da ya yi jayayya cewa kashe kai babban zunubi ne. Amma babban zunubi ba kafirci ba ne, kuma wannan ba fatawar zamani ba ce. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗalibin zaure ke kamawa bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta faɗa ƙarara a babin jana'iza cewa ana yi wa wanda ya kashe kansa salla. Haka Malikiyya take, haka sauran mazhabobi uku suke: a yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a sallace shi, a binne shi cikin Musulmi. Hadisin da mutane suka fi riƙewa, na Jabir ɗan Samura a Sahihu Muslim, ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai sallaci wani da ya kashe kansa ba. Malamai suka fahimci cewa shi ne ya janye don jan kunne, bai hana sahabbai ba. A littafin nan dai akwai labarin mutumin ƙabilar Dausu da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa a Madina har ya ji wa kansa raunin da ya zama ajalinsa, Annabi kuma ya roƙa masa gafara. Ga kuma ƙa'idar da ƙaramin ɗalibi ma ya sani, cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a rubuta masa laifi, alhali da yawa daga masu kashe kansu ciwon damuwa mai tsanani ko taɓin hankali ne ya kai su. Wa ya san halin da zuciyar mutum take ciki a sa'arsa ta ƙarshe? Cocin Katolika ma, wadda dokarta ta 1917 ta hana irin wannan mamaci jana'izar coci, ta cire hanin a dokar 1983.

Mai wannan ilimi ba ya tsayawa muhawara a ƙofar gida. Yakan je wurin liman tun raɗa ba ta yi ƙarfi ba, su gama magana su biyu. Idan liman ya zaɓi janyewa, yana da magabata a kan haka, sai na'ibi ko wani ɗan uwa ya ja sallar, ba tare da an mai da abin shela ba. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne a yi ta ja-in-ja a kan gawa uwa tana ji daga ɗaki.

Sai hukuma. A ƙa'ida irin wannan mutuwa sai an sanar da 'yan sanda, mutanen gida kuwa a ruɗe suke, ga tsoro. Tsoron yana da tushe. Sashe na 231 na kundin Final Kod, wanda Arewa ta fara aiki da shi a 1960, ya mai da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ko duka biyun. Sashe na 327 na kundin Kudu ma ɗaurin shekara ya tanada. Ingila, wadda ta bar mana wannan gado, ta soke nata tun 1961, Gana ta soke a 2023. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ba ta shafe waɗannan sassa ba, ko da yake Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta ce tana son a shafe su. Dokar yunƙurin kashe kai a kan wanda ya gwada ya rayu take, ba ruwanta da iyalin wanda ya rasu, amma wa zai bambance wa uba wannan a irin wannan safiya? Shugaba yakan raka shi caji ofis da ƙafarsa, ya tsaya har a rubuta abin da za a rubuta a saki gawa. Daga baya ya sa wasu daga waje su gyara ɗakin, kada a bar wa ƙanwa ko mata wannan aiki.

Duk wannan ɗawainiya tana da dalili: mutanen gidan su ne na gaba a haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Edwin Shneidman, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka da ya fara jan hankali kan waɗanda aka bari, ya yi hasashen kowace irin wannan mutuwa tana jefa mutum 6 cikin mummunan hali. A 2018 Julie Cerel ta Jami'ar Kentoki da abokan aikinta suka auna, suka ga waɗanda suka san mamacin har abin ya shafe su, da yawa ko kaɗan, sun kai 135. Lissafin Amurka ke nan. A Tudun Wada ko Herwagana, inda gida ɗaya kan ɗauki mutum talatin, sai ka ƙiyasta da kanka. A Birtaniya kuma Alexandra Pitman ta bincika mutum fiye da 3,400 'yan shekara 18 zuwa 40 da aka yi wa rashin farat ɗaya, ta wallafa a 2016 cewa waɗanda nasu ya kashe kansa sun fi waɗanda nasu ya yi mutuwar fuju'a ta ciwo yiwuwar gwada kashe kansu da kashi 65 cikin ɗari.

Frank Campbell, wanda ya shugabanci wata cibiyar agajin gaggawa a Baton Rouge ta jihar Luwiziyana, ya lura cewa iyalan da aka yi wa irin wannan rashi sukan ɗauki kimanin shekara huɗu da rabi kafin su zo neman taimako. Cibiya na nan, ƙofa a buɗe, kunya da ruɗewa sun hana su zuwa. A 1998 ya juya tsarin. Ya haɗa tawaga, cikinta har da waɗanda su ma aka taɓa yi wa irin rashin, ya daidaita da ofishin mai binciken gawa cewa da an samu labari a kira su, su isa gidan a ranar. Jiran ya sauko zuwa ƙasa da wata biyu. Bature ya sha bincike ya gano abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, cewa zumunci a ƙafa yake.

To amma isa gidan daban, iya zama a cikinsa daban. Gwani yakan zo da tabarmarsa, ya shimfiɗa a ƙofar gida inda kowa zai gani, ya zauna. Da mai unguwa ya zauna, mai shagon kusa zai zo, na bayansa ma zai biyo. Ya kama hannun uban da hannu biyu ya ce, "Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙan yaron nan, ya gafarta masa." Yakan ambaci sunan mamacin, ya yi masa addu'a a bayyane, don na tsaye su ji da kunnensu cewa ya halatta. Ba ya tambayar yadda aka yi, ba ya tambayar wa ya fara gani. Idan wani sarkin surutu ya soma da "Wai ni ba ku ga wata alama ba ne?", sai ya tare shi da "Alhaji, a yi masa addu'a," ya ɗaga hannu, dole kowa ya ɗaga.

A cikin gida aikin ya fi nauyi, kuma na mata ne. Malama ko shugabar zumunta takan wuce kai tsaye inda uwar take, ta zauna ƙasa a gefenta. Uwar za ta yi ta nanata magana ɗaya: "Da na sani da ban yi masa faɗa jiya ba. Da na leƙa ɗakin." Wadda ba ta iya ba za ta yi saurin cewa, "Haba Adda, daina faɗin haka, ƙaddara ce," ta toshe mata baki. Gwana takan bar ta ta kai aya, ko sau goma ne, sannan ta ce, "Adda, wace uwa ce ba ta yi wa ɗanta faɗa? Ciwo ne ya ci ƙarfinsa, ba faɗanki ba." Ba ta yanke masa Aljanna ba, ba ta yanke masa wuta ba, ta bar wa Mai shi. Idonta kuma yana kan abin da ba a faɗa: wa bai ci abinci ba, wace yarinya ce ta shige bayan ɗaki ita kaɗai, wa ake harara. Domin wannan mutuwa tana neman wanda za a ɗora wa. Dangin miji su ce matar ce ta ishe shi, wasu su ce kishiyar uwa ce ta yi masa sammu, a ce uba ne ya matsa, a ce budurwa ce ta yaudare shi, a ce bashi ne. Kusan kullum dalilai ne da yawa suka taru a kan ciwon da ba a gani ba, kuma gara a faɗi haka tun ranar farko, kafin zargi ya yi saiwa ya raba gida. Matar da za ta yi takabar wata huɗu da kwana goma a tsakiyar mutanen da ke ganin ita ta kashe musu ɗa tana buƙatar wata babba da za ta riƙa leƙo ta a sarari, kowa na gani.

Wani aikin kakanninmu ba su san shi ba. Kafin a kai gawa hoto ya shiga WhatsApp da Facebook, da bayanin yadda aka yi dalla-dalla. Ban da tozarta iyali, an daɗe da tabbatar da cewa yayata hanyar da mutum ya bi yana jawo masu kwaikwayo, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa 'yan jarida ƙa'idoji a kai. Don haka shugaba yakan tara samarin layi ya ce kowa ya goge, ya kira masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwa ɗaya bayan ɗaya, in ɗan jarida ya zo ya tare shi a waje.

Wannan duk na kwana uku ne, ko bakwai. Inda ake gane shugaban gaske shi ne bayan arba'in, lokacin da baƙi suka koma garuruwansu, kwanuka suka daina shigowa, kowa ya ɗauka an wuce wurin. A sannan ne tambayar "me ya sa?" take hana barci. Wata Baturiya, Alice Middleton, a garin Hull na Ingila, ta rasa ɗan uwanta ta wannan hanya, ta nemi inda za ta amayar da abin da ke cikinta ta rasa. A 1991 ta sa 'yar sanarwa a jaridar garinsu tana neman masu irin ciwonta, suka fara haɗuwa a falonta. Daga falon nan ƙungiyar SOBS ta fito, yau tana da rassa a faɗin Birtaniya, kuma akasarin masu jan ragamar zamanta mutane ne da abin ya taɓa faɗa wa. Wanda aka yi wa irin rashin ba ya jin kunyar wanda aka yi wa irinsa.

Jagorantar irin wannan zama fasaha ce mai zaman kanta, kuma mafi yawanta kame baki ne. Mutum takwas ko goma, a zagaye, babu mumbari babu babbar kujera. Mai jagora ya buɗe da gajeriyar addu'a, ya tuna wa kowa sharaɗi: abin da aka ji a nan a bar shi a nan, ba dole sai ka yi magana ba, ba a katse mai magana, ba a bayyana yadda mamaci ya yi, ba a gwada rashin wani da na wani. Sai ya yi shiru. Shirun nan shi ne azabar wanda ya saba wa'azi, harshensa na ƙaiƙayi ya jawo aya ko hadisi ya cike gurbi. Gwani yakan daure. Wani uba zai yi wata uku yana zuwa bai ce uffan ba, ranar da zai buɗe baki ya ce shi fa haushin ɗansa yake ji, kuma yana tsoron Allah a kan wannan haushi. In aka yi masa nasiha a nan, an rasa shi ke nan. In kuwa mai jagora ya waiga ya ce, "Akwai wanda ya taɓa jin haka?", mutum uku suka gyaɗa kai, to an ba uban nan abin da babu likitan da zai rubuta masa a takarda. Dole kuma ya iya dakatar da mai cinye lokaci bai kunyata shi ba, ya lura da sabon zuwa da labarin wasu ya fi ƙarfinsa, ya rufe zama a kan lokaci da shayi ko kunu, kada a sallami mutane da ɗanyen miki.

A gari irin Gombe sai an yi wa tsarin kwaskwarima. Ka kafa allo a bakin titi ka rubuta sunan abin, babu mai shiga. Zai fi karɓuwa a inuwar abin da aka saba: ajin Islamiyya bayan an tashi, ɗakin taron coci ranar da ba sujada, gidan wata dattijuwa da ake shiga ba a tambayi dalili ba. Maza daban, mata daban. Mai takaba a je mata. Wadda Hausa ba ta zauna mata ba a samo mai jin Fulatanci ko Tangale, domin kuka da harshen uwa ake yinsa. Yara kuwa su aka fi mantawa. Ana ɓoye musu, su je su ji a bakin 'yan ajinsu ta hanya mafi muni. Shugaba yakan taya uwa neman kalmomin da za ta faɗa wa ɗan shekara takwas gaskiya daidai ƙarfinsa: Baba ya yi ciwon da ya rikita masa tunani, ba laifinka ba ne, ba kuma don ba ya son ka ba.

Ya kuma san inda iyawarsa ta tsaya. Idan aka yi wata biyu, uku, mutum ba barci ba ci, ya daina fita kasuwa, ya fara cewa gara ya bi mamacin, ko ya kama rabon kayansa yana neman gafarar mutane ba gaira ba dalili, to an wuce wurin addu'a da shayi kaɗai. A nan yakan yi abin da yawancinmu ke tsoro, ya ja shi gefe ya tambaye shi kai tsaye, "Hamma, kana tunanin kashe kanka ne?" Ana zaton tambayar tana cusa wa mutum tunanin; masu bincike sun bi diddigi sun ga ba haka ba ne, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya amsa da e, ba a barinsa shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, don haka sanin inda za a nufa tun da wuri ba ƙaramin abu ba ne. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, babban asibitin ƙwaƙwalwa na shiyyar yana Maiduguri, ƙungiyar SURPIN kuma, wadda likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Legas suka kafa a 2017, tana da layukan waya har da na Hausa. Shugaban kuma ba ya faɗa da masu cewa aljanu ne. Yakan ce a ci gaba da ruƙiyya amma a haɗa da asibiti, in ta kama ya biya kuɗin Keke Napep daga aljihunsa.

Masu taya shi ma kiwo suke so. Waɗanda suka fi zumuɗin aikin su ne waɗanda rashinsu bai daɗe ba, su ne kuma aikin ya fi saurin karyawa. Ƙungiyoyin da suka kwana biyu sukan ce sai mutum ya yi kamar shekara biyu da nasa kafin a tura shi gidan wani. Bibbiyu ake turawa, in sun dawo a zauna a ji yadda suka kwashe, wanda ya gaji a hutar da shi. Shugaban da ke ɗaukar kowace gawa a kansa shi kaɗai, waya a kunne dare da rana, ana yaba masa shekara biyu, a ta uku ya faɗi, aikin ya faɗi tare da shi.

Amana a wannan harka kashi biyu ce, sirri da kuɗi. Ranar da maganar da wata ta faɗa a zama ta fito a gidan biki, zaman ya mutu. Ta fuskar kuɗi kuwa ƙasar Ailan ta ga abin mamaki. Console ƙungiya ce da wani mutum ya kafa a 2002 bayan 'yar uwarsa ta kashe kanta. Ta bunƙasa, ta samu kuɗin gwamnati da na jama'a, tana da cibiyoyi da layin waya. A 2016 gidan talabijin na RTÉ da binciken hukumar lafiya ta ƙasar suka bankaɗo cewa dubban ɗaruruwan yuro na ƙungiyar sun tafi a tafiye-tafiye da tufafi da motoci da hidimar gidan shugaban, ga 'yan uwansa a cikin masu sa ido. Cikin 'yan makonni aka rushe ta, aka miƙa masu zuwa neman taimako ga wata ƙungiya, Pieta House. Mutumin ya ɗanɗani rashin da gaske, hakan bai hana komai ba. An daɗe ba a tambaye shi lissafi ba, don wa zai tuhumi mai hawaye? Shugaban da ya san kansa shi ke neman a sa masa ido: amintattun da ba 'yan gidansa ba, hannun mutum biyu kafin ko sisi ya fita, karanta lissafi a gaban 'yan ƙungiya, da wa'adin sauka. Kuma ba ya jera marayun gidan a yi musu hoto da buhun masara don masu ba da tallafi su gani.

Amfanin aikin yakan fito ne bayan shekara shida ko bakwai, ranar da ƙanwar mamacin ta isa aure, dangin manemi suka turo a yi bincike kamar yadda aka saba. A unguwar da aka bar gida da tabonsa, mai bincike zai ji an rage murya an ce, "Gidan nan ne fa da...", ya juya, maganar aure ta watse, yarinyar ba za ta taɓa sanin dalili ba. Amma wakilai sukan ƙare a zauren mai unguwa ko wurin liman, dattijon da ya tsaya wa gidan tun ranar farko. Ba zai yi musu ƙarya ba, shawarar aure amana ce, kuma ko ya ɓoye za su ji a wani wuri. Zai ce, "Gaskiya ne, yayanta ya yi ciwon damuwa, ta haka ya rasu, mu muka sallace shi. Gidan mutunci ne, yarinyar a gabanmu ta tashi. Da ɗana ne ke nema, da ni zan kai goro da kaina."